Fallen Ƙarshe na Kundin Imrana

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Imrana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Nusaiba, can Legas. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan muna nan yadda ka sani, shekara ta uku ke nan Baba yana zaune gidan mijina tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, maigidana Muhtari kuma yana ta fama da shago. Ba don daɗi na zauna rubuta maka ba, raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Littafin nan da ka aiko wa Baba ta hannun Armiya'u direba, shi ne ya hana mu sakat. Ni ka yi mini bayani a waya, na gane gwargwado. Ka ce aikin fasaha ne, kowane falle umarni guda ne, masu zuwa kallo su zari ɗaya su aikata, aikatawar ita ce zanen. To, madalla. Amma haba Imrana, da hankalinka! Ka rubuta shi da ajami, da tawadar gida, fallaye warwatse ba ɗinki, ka sa cikin gafaka, sa'annan ka aiko wa tsohon da ya tashi gaban malamai? Yana buɗewa ya ce kundi ne. Ya ce haka ake rubuta laƙani, ka samo kaza, ka yi kaza, kuma wanda ya cika shi Allah zai maida shi gida.

Tun ranar yake bin fallayen ɗaya bayan ɗaya, da alwalarsa. Wanda ka ce a ɗebi ƙasa cikin tafi a riƙe har ta yi ɗumi, ya yi, muka yi ta dariya ni da Inna. Wanda ka ce mutum ya kira sunayen maƙwabtansa, ya saurara bayan kowane suna, shi ne ya yanke mana dariya. Tsakar gida ya tsaya da hantsi yana kira. Kusan rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, saura suna Shinkafi, suna Zurmi, wasu ba a san inda suke ba. Yana kira yana jira, kamar mai jiran a fito. Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuwa tuwon ranar ƙonewa ya yi.

Yanzu saura falle guda, kai ka san shi. Ka ce mutum ya koma gidan da aka haife shi, ya yi sallama, kada ya tafi sai an amsa. Baba ya ce ruwan farko na sauka zai shiga motar Moriki, ya ƙarasa da ƙafa ta wajen Birnin Tsaba. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Na ɓoye fallen, ya ce ya haddace. Muhtari ya roƙe shi har da durƙuso, ya ƙi.

Jiya na gaji na fito masa a mutum. Na ce ba malamin da ya ba ka wannan, kai ka ƙaga shi don masu kallo. Wallahi na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce ai ya sani, tun falle na uku ya gane zancen ɗansa ne, shi ba yaro ba ne. Ya ce shekara uku kowa haƙuri yake ba shi, ya zauna, ya ci, ya yi shiru, kai kaɗai ka ce masa ya koma gida. Kuka kawai na yi.

Da na yi niyyar roƙonka ka rubuto wani falle mai soke wancan, yanzu na ga takarda ba za ta tsaida shi ba. Ka biyo Armiya'u ka taho da kanka, kada ka jira ƙarshen wata. Tsoro nake ji, Imrana. Gidanmu na ƙauye ba rufi, ba ƙyaure, ba kowa cikinsa, waɗanda suka tashe mu kuma suna nan cikin dajin. In Baba ya tsaya ƙofar yana sallama, kai ma ka san waɗanda za su amsa masa.

Inna tana gaishe ka, haka Muhtari. Ka gaida Nusaiba da Kawu Sha'aibu, ka ce su sa mu addu'a. Baba bai san na rubuto ba.

Yayarka,
Rekiya