Baba Ya Koma Mayo Bani

Mubi, Litinin

Ƙanwata Margret,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Bayan haka, Dennis direba ya ce ya ga Baba a Mayo Bani yana tsinkar gyaɗa. Na ƙaryata shi a gaban jama'a, domin a sanina kuna asibiti a Yola, ana yi wa Baba ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Ƙasidar da na ba ki ta bayyana cewa katse magani haɗari ne. Wayarki kuma a kashe take. Ki kwantar mini da hankali.

Yayanki,
Vandi

Mayo Bani, Laraba

Yaya Vandi,

Ina gaisuwa. Dennis bai yi ƙarya ba. A asibitin wasu likitoci suna bincike kan tsofaffi, Baba suke tambaya, ba 'ya'yansa ba. Wata nas ta yi masa bayani da yarenmu na Kamwe: ciwon ya bazu, ruwan nan wahala yake ƙara masa. Baba ya yi dariya, ya ce, "Daji ne? A cikinsa na tsufa. Ku mai da ni."

Ka yi haƙuri.
Margret

Mubi, Alhamis

Margret,

Ina amsa gaisuwa. Kin dafa Littafi Mai Tsarki kin yi mini alkawari cewa Baba ba zai ji sunan cutar nan ba. Ni na koya miki kowace ƙwaya da lokacinta. Ni na bi likitoci ina roƙo su riƙa cewa gyambon ciki ne. Ashe mako biyu kuna gida, ni kuwa kowace Lahadi ina miƙewa a coci ina neman addu'a domin mai jinya a Yola. Ki tambaye shi dalilin da ya sa ni kaɗai aka ɓoye wa.

Vandi

Mayo Bani, Juma'a

Yaya,

Sannu da aiki. Na tambaye shi. Ya ce tun ranar farko ya san cutar, ya yi shiru ne don ya ga kana jin daɗin ɓoyewar. Ya ce, "Vandi ba ya iya ɗaukar labari, kada a faɗa masa." Yana so ka zo gobe ku ci sabuwar gyaɗa.

Ka huta lafiya.
Margret

Mubi, Asabar

Margret,

Gaisuwa. Ba zan zo yau ba, zuciyata ba ta sauka ba tukuna. Ga maganin zafi na ba Dennis. Bayan abinci ake sha, ba kafin ba. Gyaɗar kuma a dafa masa ta yi laushi. A ajiye mini tawa.

Yayanki,
Vandi