Ɗaurin Ƙirji a Bakin Tekun Wakra

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan makwancinki ya yi miki sanyi. Ɗanki ne Sabi'u, daga Doha. Na san wasu ne za su karanta takardar nan, amma da ke nake magana.

Labarin zanenki zan ba ki, shuɗin nan na saƙi.

Ranar da zan taho kika naɗe shi kika cusa a ƙasan jakata. Duk gidan aka sa dariya, wai wa ke kai kayan sanyi ƙasar Larabawa. Ba ki kula su ba, sai kika ce, "Ni na san ƙirjin da na haifa." Gaskiyarki. Tun ina yaro, sanyi kaɗan zai taɓa ni ƙirjina ya fara kuka kamar mage. Ki shafa mini man kaɗe, ki ɗaure ni da zane, ki ce, "Ba sanyi ke kayar da kai ba, danshi ne. Abin da zai taɓa fatarka ya zama busasshe."

Lokacin korona aka rufe hanya, kika rasu ban samu zuwa ba. Ni ma ciwon ya kama ni a nan. Na warke, amma likita ya ce ƙirjin bai koma daidai ba, in kiyayi sanyi. A lokacin na ciro zanen, na ji ƙamshin turaren wutarki yana nan a jikinsa. Na ɗaure shi a leda. In kewa ta dame ni in buɗe, in shaƙa, in mayar.

Da gasar kofin duniya ta zo, kamfaninmu na tsaro ya tura ni garin Wakra da ke kudu da Doha, gadin wurin ajiye motoci kusa da teku. Inna, ashe bakin tekun nan akwai sanyi. Da rana mutum yana gumi, la'asar na yi iskar teku ta taso ta ratsa yunifom har ƙashi. An kuma gaya mana duk wanda ya kwanta za a sa wani a gurbinsa, don aikin ba ya jira. Ni kuwa na san ƙirjina, na tsorata.

Kowa ya fito da dabararsa. Wasu suka jibga suwaita tun azahar, suka jiƙe sharkaf kafin iskar ta iso. Abokina Awudu, ɗan Zangon Kumasi, leda ya huda ya zura a ƙarƙashin riga. Ta tare iska kam, amma gumin ya rasa hanyar fita, washegari sai ga shi da mura har ba a jin muryarsa.

Ni dabararki na bi. In na je sallar la'asar sai in cire jiƙaƙƙiyar singileti, in goge jiki, in sa busasshiya. In ɗaura zanenki a kai daga hammata zuwa cibiya, sannan yunifom, sannan jaket. Bayan alwala in tsane ƙafa sosai kafin in sa safa, in toshe kunne da auduga kamar yadda kike yi mana.

Awudu ya rutsa ni ina cikin ɗaurawa. Ya yi dariya har da riƙe bango, wai ƙato da gemu ya yi ɗaurin ƙirji kamar mai shirin daka. Daga ranar sunana ya koma Hajiya. Har abokan aikinmu 'yan Nepal da ba su san kan zancen ba, sai ki ji sun ce da Larabci, "Yalla, Hajiya," wato mu je. Ni kuma in amsa, ina ruwana.

Abu ɗaya na ƙi yi: wanke shi. Zanen ya sha gumi, ya sha gishirin iskar teku, ga yayyafi da aka yi mana wata rana. Ya daina bushewa sosai, ko na shanya shi sai in ji lema-lema. Wata safiya na tashi na ji magen nan ta fara kuka a ƙirjina.

Na zauna da zanen a cinya na daɗe. In na wanke, ƙamshinki ya tafi, kuma babu inda zan ƙara samo shi. In na bari, danshin da kika yi ta gargaɗina a kai shi zai kayar da ni. Na san abin da za ki ce, har hararar da za ki yi mini na gani. Na ɗebo ruwa a bokiti na sa sabulu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ya bushe ƙamas a rana. Na ɗaura shi, magen ta yi shiru, na gama aikin gasar ban kwanta ba. Yanzu ƙamshin sabulu yake yi, amma ɗuminsa yana nan yadda kika ba ni shi.

Hankalina kwance yake, Inna. Sanyin bana ya shigo, ranar Juma'a mukan je bakin teku mu sha shayi muna kallon kwale-kwalen masunta. Awudu kuma ya sa matarsa ta aiko masa da zane daga Kumasi. A banɗaki yake ɓuya ya ɗaura, yana zaton ban sani ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya lulluɓe ki da rahamarsa fiye da yadda kika lulluɓe ni.

Ɗanki Sabi'u,
wanda a Wakra ake kira Hajiya.