Haihuwa a Bayan Labule

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma yaye miki ciwon bayan da kika ce ya hana ki sakat. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warware daga tarin da ya kama ta, har ta koma faɗanta, kin san alamar lafiyarta ke nan. Baffa kuwa kunnen ya ƙara nauyi, amma in maganar abinci ce, ko raɗa aka yi yana ji.

Kin tambayi yadda muke zaune a sansanin gudun hijirar nan. Yaya, tsohon sito ne na gwamnati inda a da ake ajiye taki. Kowane gida an ja masa igiya an rataya zannuwa da buhuna, katangarsa ke nan. In mutum ya yi tari, maƙwabta ta kowane gefe ke yi masa sannu. Famfo ɗaya gare mu, bayan gida kuwa ya cika tun farkon damina. Da ƙyanda ta shigo sai ta bi yara labule bayan labule, don babu inda za a keɓe mara lafiya. A cikinta matar tela, wadda shimfiɗarta ke jikin tamu, ta rasa ƙaramar 'yarta, ga ta kuma da tsohon ciki.

Ranar da naƙuda ta kama ta ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na aika a kira motar asibiti, aka ce ta lalace. Mazan sito, har da Baffa da sandarsa, suka fita suka tsaya cikin ruwan don a suturta baiwar Allah. Na karɓi haihuwar lafiya, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa, ni kuma ba abin da ke hannuna sai almakashi da tsumma. Ana cikin haka sai ga wani jami'in gwamnati ya zo duba sansani. Inna ta tare shi a ƙofa, ta riƙe hannun rigarsa har gaban labulen. Ta ce masa ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba, hukumar da ta kasa tsare mana gari ita ta ce mu taho nan, don haka ranmu amana ne a wuyanta. Na ɗauka zai fusata, sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sha kai kukanmu sama ana ce masa a ƙara haƙuri. Nan take ya sa aka ɗauki matar tela a motarsa zuwa asibiti, shi kuma ya tsaya tare da mazan a cikin ruwa. Ta rayu, Yaya, yanzu haka tana nan tana shayarwa.

Bayan wannan an zo an yi wa yara rigakafi, an kafa tantuna a filin baya. Mun gode, sai dai kafin mu miƙe ƙafa wasu garuruwan sun sake tasowa, sito ya koma yadda yake. Abin da ke cin raina shi ne, bai kamata ran mace ya dogara ga tausayin wanda ya zo wucewa ba. Ruwa da magani da wurin kwana haƙƙinmu ne a kan hukuma.

Game da ɗakin da kika ce kin gyara mana, Allah Ya saka da alheri. Da damina ta ɗauke zan turo miki Inna da Baffa. Ni kam ki yi mini uzuri. Masu ciki suna da yawa, kuma babu wata ungozoma a nan sai ni. Ba ƙin ki na yi ba. In na taho, ban san wanda za su aika a kira ba.

Ki gaishe da Baban yara da Gwaggo da 'yan biyu, ki shafa mini kan jaririyarki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta