Tukwanenki Suna Jiranki

Ya ke sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, iskar da ke kaɗa ganye da sassafe kafin gari ya cika da hayaniya! Ya ke Mai Shuni, wadda yatsunta ba sa rabuwa da fenti! Amincin Allah ya lulluɓe ki, ya isa inda aka hana ƙafata isa.

Kada ki yi mamakin girman takardun nan da kaurin rubutun. Ragowar manyan takardun zanenki ne na kwaso a rumfa, na sayi alƙalami mai kauri, baƙi wuluk, ina zana kowane harafi kamar ɗan aji ɗaya, don ki karanta da kanki. Ba na so a ba Auta ta karanta miki. Kin san halin ƙanwarki, ba za ta kai layi na uku ba sai ta fashe da dariya, ni kuwa yau babu abin dariya a bakina.

Rabin raina, me na yi miki? Tun da kika rufe ƙofa, abinci ya zama ƙasa a bakina. Ina shiga ɗakin gwaje-gwaje in tsaya riƙe da kwalba, in manta abin da na zo zubawa. Abokaina sun gaji da tambaya, sun koma kallona kawai. Wayarki tana ƙara har ta gaji ta yanke. Na zo gida, Umma ta leƙo da idanu jawur ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ta ce tana barci." Wane irin barci ne wannan, da rana tsaka, kullum, har wata ya juya?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ina ajin ƙarshe a jami'a, an bar ni ina kula da ɗakin gwaji, sai ga wata yarinya ta shigo ba ko sallama mai ƙarfi, yatsunta shuɗi kamar ta tsoma su a sararin sama, da kwalbar ruwa mai kalar shayi a hannu. Kika ajiye ta a gabana kika ce, "Don Allah ɗan duba min abin da ke cikin wannan. Daga rijiyar unguwar da ke bayan masana'anta ne, kuma shi yara suke sha." Na ɗiga ruwan a gilashi, na saita miki madubin nan mai ƙara girman ƙwayoyin cuta. Sauran ɗalibai idan sun leƙa, yatsine fuska suke yi su ja da baya. Ke kuwa fensir kika zaro daga cikin ɗankwalinki kika fara zana su ɗaya bayan ɗaya, masu jela da masu kama da sanda. Na ce, "Malam bai ce a zana ba ai." Kika ce, "Ba don Malam ba ne. So nake matan unguwar su ga fuskar abin da ke kashe musu 'ya'ya." Wallahi daga wannan maganar ban sake mallakar zuciyata ba.

Daga nan kika ja ni zuwa rumfar Inna Maginiya, tsohuwar da ta yi shekaru tana gina tukwane a bakin unguwar. Kika ce idan aka kwaɓa yumɓu da garin katako aka toya, garin zai ƙone ya bar ƙananan kafofi waɗanda ruwa zai bi ya tsiyaye, dauɗa da ƙwayoyin cuta su maƙale. Garin katakon kyauta kike kwasowa wurin kafintoci, abin da da ƙona shi suke yi hayaƙi ya turnuƙe layi. Fentinki ma ke kike haɗa shi da jan ƙasa da gawayi da ganyen baba. Inna ta kalle ki ta kalle ni ta ce, "Tunda nake ban taɓa jin wanda ya zo neman tukunya mai yoyo ba sai ku 'yan boko." A ranar ta raɗa mini Malam Kwalba, har yau kuwa yaran unguwar ba su san mini wani suna ba.

Tuyar farko duk ta tsattsage. Ta biyu kuwa ruwa ya ƙi wucewa ko ɗigo. Kika zauna kan bokitin da aka kife kina kuka kina dariya, toka a goshinki. Sai tuya ta uku. Hasken raina, akwai yammacin da ya kai wannan a rayuwata? Muka ɗora tukunyar a kan randar roba, muka zuba mata ruwan rijiyar nan mai kalar shayi, muka durƙusa mu uku muna jira. Shiru. Inna har ta fara tsaki. Can sai ɗigo ya taru a gindin tukunyar, ya yi nauyi, ya yi rawa, ya faɗo fari tas kamar raɓa. Kika damƙe hannun rigata ba ki ma sani ba, kika bar mini shatin yatsunki shuɗi a kafaɗa. Ban taɓa wanke rigar ba. Da na kai ruwan ɗakin gwaji na ga ya fito da tsabta, a guje na dawo rumfa, na tarar da ke kina zane a jikin tukunya, na manta da sakamakon da na kawo, na ce ina son ki. Kika ce, "To, na ji. Ruwan fa?"

Kin tuna matar mai gyaran keke, wadda gudawa da amai suka ɗauke mata ɗa kafin mu fara zuwa? Ita ta fara karɓar tukunya. Kin zana mata a jikinta yadda ake wankewa, hoto bayan hoto, don ba ta karatu. Ta rungume ta a ƙirji kamar jariri, ta tafi tana taka ƙasa a hankali. Kin tuna bangon da ke kusa da rijiya, inda kika zana ƙwayoyin cutar kowacce ta kai girman akuya, yara suna ihu wai dodanni ne, iyaye mata suna tsayawa da bokiti a ka suna tambaya? Rabin bangon kika gama. Ɗaya rabin, inda kika ce za ki zana uwa tana ba ɗanta ruwa mai kyau, har yanzu shatin gawayi ne kawai.

A wajen bangon nan ne abin ya soma bayyana. Kina yawan yin tuntuɓe da bokiti. A miƙo miki burushi ta gefe, ba ki gani ba sai an kira sunanki. Da magariba ta kawo jiki sai ki fara lalube. Muna yi miki tsiya wai hankalinki ya tafi wurin dodanni, ke ma kina dariya. Har ranar da kika juya a rumfa kika bangaje jerin tukwanen da ke shanya dab da ke, suka zube suka farfashe. Ba ki yi kuka ba. Kika tsaya cak kika ce, "Ban gan su ba. Wallahi babu su a wurin." Muryarki a lokacin har yanzu tana yanka ni.

A asibiti ni da Yayanki muka zauna a kan benci a waje, ke da Umma kuka shiga. Da kuka fito, Umma ce ta faɗa mana abin da likita ya ce: ciwo ne na gado, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya a hankali, kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma yana ƙara tsukewa. Zai iya ɗaukar shekaru, zai iya yin sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Muka kama hanyar gida a mota. Kina ta kallon bishiyoyin bakin hanya kamar mai ban kwana da su.

Bayan 'yan kwanaki Yayanki ya same ni a rumfa. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ajiye zoben da na ba ki da makullin rumfa a kan tebur ya ce, "Ta ce ka yafe mata. Ta ce kana da sauran rayuwa a gabanka, ba za ta mayar da kai ɗan jagora ba."

Ɗan jagora! Haba Mai Shuni, haba farin watana! Wa ya gaya miki idanunki na zo aure? Idanunki suna da kyau, Allah ya sani, sun fi ruwan tafki kwanciya. Amma ba su ne suka ce a nuna wa mata fuskar abin da ke kashe 'ya'yansu ba. Ba su ne suka koma kan yumɓu bayan tuya biyu ta lalace ba. Wace irin ƙauna kike zaton ina yi miki, wadda za ta tsaya a bakin ƙofar asibiti ta juya? Kin yanke mini hukunci ba ki kira ni kin ji ta bakina ba. Kina ganin kin sauke mini kaya, alhali kin ɗora mini wanda ya fi ƙarfin wuyana.

Ba zan yi miki ƙarya ba, don ke ba mai son a lallashe ta da ƙarya ba ce. Ba zan ce ganinki zai dawo ba. Ina addu'a, amma na ji abin da likita ya faɗa. Ni ma ina jin tsoro. Ina tsoron ranar da zan shigo ki juyo da fuskarki wajen muryata ki kasa samuna. Ina tsoron ranar da za ki tambaye ni kalar sama in rasa kalmar da za ta ishe ki, ke da kika san shuɗi iri-iri. Sai dai tsoron nan, in za a ba ni zaɓi, gara in ji shi ina zaune kusa da ke da in ji shi ni kaɗai a ɗakina.

Bari in gaya miki halin da rumfa take ciki, don na san ba ki daina tunaninta ba. Mun yi tuya ba ke. Awon yumɓu da garin katako na bi shi yadda kika tsara, tukwanen sun fito lafiya, suna tace ruwa. Amma sun fito tsirara, babu zane ko ɗaya. Na gwada, Inna ta leƙa ta ce, "Malam Kwalba, wannan hannun mutum ne ko ƙafar kaza?" Haka muka raba su. Na yi wa kowace mace bayani da baki, amma baki ba ya bin mutum har gida. Wata amarya da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba ta wanke tata ciki da waje da ruwan rijiyar, har da randar da ruwan ke taruwa. 'Yar ƙanwar mijinta da ke hannunta ta kwanta da gudawa, sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma na ga idanun yarinyar sun zurma, na kasa cin abinci ranar. Ban faɗa miki wannan don in ɗora miki laifi ba. Na faɗa ne don ki san zanenki ba ado ba ne.

Shi ma malamin da ke duba aikin tukwanen nan, aikinki na kammala karatu, ya kira ni. Ya ce idan ba ki zo kin gabatar da aikin kafin ƙarshen zango ba, shekarar ta tafi. Ya ce ko ni zan tsaya a madadinki, tunda da ni aka yi. Na ce a'a. Aikinki ne, bakinki ya kamata ya faɗe shi. Ya yi alkawarin zai jira iya abin da doka ta ba shi dama, kuma lokacin ba shi da yawa.

Matan suna tambayarki kullum. Matar mai gyaran keke ta ce in gaya miki tana da ciki, kuma tana so ke ki zana wa jaririn tukunyarsa. Inna kuwa ta daina yi mini tsiya. Jiya na same ta zaune ta zuba wa gwangwanayen fentinki ido, sun bushe sun tsage.

Ga abin da na yanke, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo a duk abin da na rubuta. Na yi tunani na ga wataƙila ni ne nake tare miki hanyar rumfa. Wataƙila kina so ki koma, amma ba kya so in ga kina lalube, ba kya so ki ga tausayi a fuskata. In haka ne, na bar miki rumfar. Na ba Inna makullin. Daga yau ba zan taka wurin ba muddin rana tana sama. Inna za ta riƙa ajiye mini kwalaben ruwa a shagon kafinta, in ɗauka in gwada, in aiko mata da sakamako. Ba za ki gan ni ba, ba za ki ji muryata ba. Auta ta yarda za ta riƙa raka ki. Yanzu kina gani, ko da ta tsakiya ne, kuma hannunki bai manta komai ba. Kada ki kashe sauran haskenki a cikin ɗaki kina kallon rufi saboda ni. Ki je ki ƙarasa bangonki, ki zana wa matan nan tukwanensu, ki tsaya gaban malamai ki faɗi abin da kika yi. In dole sai kin rasa ɗaya, ni ko aikin, to ki rasa ni.

Amma ki sani, ya ke furen da ya tsiro a busasshiyar zuciyata, barin rumfa ba barinki ba ne. Zoben yana nan a wurina, ban mayar da shi shago ba, kuma babu yatsan da zai shiga in ba naki ba. Ba zan ƙara buga miki ƙofa ba, ba zan ƙara damun Umma ba. Ranar da kika so, ko bana, ko baɗi, ko bayan duhu ya gama rufewa, ki ce wa Inna, "A kira mini Malam Kwalba." Ba sai kin ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ni ne naki, a haske da duhu, har ranar da za a mayar da ni cikin ƙasa,

Malam Kwalba