Kofuna a Gindin Kututture

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma, kumburin ya saɓe?

Kin ce "likitar ƙwari" ta daina ɓoye miki aikinta. To ga shi. An tura mu wani kurmi da masu katako suka samu izinin sarewa. Akwai wani baƙin buzuzu da ba ya rayuwa sai cikin ruɓaɓɓen itace, an daɗe ana zaton ya ƙare. In muka tabbatar yana nan, za a soke izinin. Sai dai yana da ɗan'uwa gama-gari mai kama da shi sak. Bambancinsu layukan ƙarƙashin fiffike ne: na gama-gari biyar, namu bakwai. Mai rai ba ya tsayawa a ƙirga. Shi ya sa muke binne kofuna da ruwan magani, abin da ya faɗa ya mutu, mu duba a madubin ƙara girma.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka, ya jikin Umma?

Na samu ɗaya a gindin wani tsohon kututture. Bakwai. Na ƙirga, na sake, har idona ya yi ruwa. Farfesa, shugabanmu, ya duba ya yarda, amma ya ce guda ɗaya ba hujja ba ce, in kewaye kututturen da kofuna. Na tambaye shi ko ba su yi yawa ba, tunda nan kaɗai muka gan shi. Ya yi dariya, ya ce tun yaushe ƙwaro yake ƙarewa. Na binne sha biyu.

Taki, Auta

Yaya,

Da fatan kowa lafiya. Ki yafe shirun da na yi.

Ruwa ya cinye gadar shiga kurmin, ba mu koma ba sai da aka gyara. Na tarar da sha tara a kofunan, dukansu masu layi bakwai. Sha ɗaya mata ne, cikinsu cike da ƙwai.

Kwamitin da ke da ikon soke izinin ya karɓi rahotonmu, ya ce matattu sun nuna da yana nan ne kawai, a kawo mai rai. Mun ɓare kututturen da hannu, mun bi duk itacen da ya faɗi a kurmin. Ko tsutsarsa ba mu gani ba.

Jiya injinan yanka suka shiga.

Farfesa yana murna, wai ba inda ke da tari irin namu. Ni na kafe su da allura, na manna wa kowanne shaidarsa, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Yanzu duk mai son ganin buzuzun nan sai ya zo ofishinmu in jawo masa durowa.

Kada ki gaya wa Umma, tana ta faɗa wa maƙwabta 'yarta ta ceci daji.

Ƙanwarki, Auta