Shafin Mama Ya Koma Fari Fat

Barquisimeto,
farkon Disamba.

Zuwa ga ƙanena Eudomar,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da matarka Marielys, kuna kuma jure zafin Santiago. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aiki albarka. Mu nan lafiya lau, sai ɗauke wutar da ka sani. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma gaban murhu. Gida ya cika da ganyen ayaba, an fara naɗe hallaca ta Kirsimeti, ƙullin masara da naman nan da Mama ke sayarwa, sai dai masu saye ne babu.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ke nan. Tun da ka ce ka sabunta shafin intanet ɗin da ka gina wa Mama, ko oda ɗaya ba ta shigo ba. Da farko Yonaiker na zarga, mai gyaran wayar bakin layinmu, wanda uwarsa ma hallaca take sayarwa. Kwatsam ya zo da murmushinsa, wai ya ji shafin ya mutu, a ba shi kalmar sirri ya gyara mana kyauta. Kyauta! Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, kuma wa ke ba kura ajiyar nama? Na wanke shi tas. Bai yi fushi ba, sai ya buɗe shafin a sabuwar wayarsa, ga hoton Mama raɗau. Aka buɗe a ta Mama, fari fat. A tawa kuma wurin yin oda ya ƙi dannuwa. Ya ce burauzar da ke wayoyinmu, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ita ce ta tsufa, sabuwar kuma ba ta hawa irinsu.

Nan na tuna saƙon muryar da ka turo min, kana ta zuba cewa alƙaluma sun nuna mutum tara cikin goma sun koma sabuwar burauza, ɗayan da ya rage bai kai a wahala dominsa ba. Eudomar, a ina aka ƙirga goman nan? Ina shakkar an leƙo layinmu. Ka manta wayoyin unguwar nan duk kwance ne, waɗanda irinku suka bari da za su tafi? Ta Mama ai taka ce, wadda ka danƙa mata a tashar mota.

Ita kuwa zarginta ya fi nawa ciwo. Ta ce da gangan ka goge ta, don kada abokan aikinka su ga uwarka da ƙullin masara a hannu. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ce in yi shiru. Ta yanke cewa in har Lahadi ta yi shafin bai dawo ba, za ta miƙa wa Yonaiker kalmar sirrin. Ni dai har yanzu ban yarda da yaron nan ba, sau biyu ina kama shi yana tambayar Mama su wa ke saye a wurinta.

Kawu Críspulo da Gwaggo Eufemia suna gaishe ku. Ka shafa min kan 'yarka Dayerlin. Mama ba ta ba ni saƙo ba, amma kullum da safe sai ta buɗe wayar ta zuba wa farin nan ido, sannan ta kife ta. Ka gyara kafin Lahadi, ka kira ka nemi albarkarta da bakinka. Ɗayan nan da ka ce bai kai a wahala dominsa ba, ita ce ta haife ka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Yorbelis