Matar Yumɓun da ke Ƙarƙashin Gonarmu

Comala, 9 ga Mayu, 1964

Zuwa ga Yayata Ofelia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙafar nan taki? Mu kam lafiya lau, sai zafi.

Wani abu ya faru da ban san ko na murna ba ne. Ranar Talata Crisanto yana huɗa a gonarmu ta bayan rumbu, sai ƙafar alfadari ta burma. Da ya tona ya tarar da falalen dutse, a ƙarƙashinsa rami kamar rijiya, ya kai gaba uku. Kin san mijin nawa. Ya ɗaura igiya ya sauka da fitila. A can ƙasa ɗaki ne, da ƙasusuwan mutum biyu kwance gefe da gefe, an kewaye su da tukwane da mutum-mutumin yumɓu irin na mutanen da.

Ya fito da guda bakwai. Biyar jajayen karnuka ne masu tumbi, ɗaya har da masara a baki. Sai mace da namiji a zaune, ita da kasko a cinya, shi ya miƙa hannu kamar zai dafa kafaɗarta.

Surukata Doña Petra tana ganinsu ta ajiye dutsen niƙa ta ce, "Mayar da su. Ba kai aka ajiye wa ba."

Ya ce, "Mama, masu su sun fi shekara dubu ba su tambaya ba."

Ta ce, "Don ba a ɗauka ba ne."

Ya yi dariya ya jera su a kan kantar da ke jikin bango, kusa da hoton waliyyi. Tun ranar karenmu bai sake shigowa ɗaki ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hermila

Comala, 21 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Na samu wasiƙarki da maganin tarin, Allah ya saka. Crisanto ya sha, amma bai yi masa komai ba.

Wani mutum ya zo daga birni a mota, da farin takalmi, ya saye karnukan yumɓun da namijin ya kwashe. Macen bai ɗauka ba, wai kunnenta ɗaya ya gutsure. Yanzu tana nan a kan kantar ita kaɗai. Doña Petra ta ce wa ɗanta, "Ka raba mata da mijinta, ka kuma kawo ta ɗakin matarka. Sai ka ji da su." Daga nan ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka ban da mu. Mutumin ya ce wa Crisanto irin waɗannan kaburbura sukan yi ɗaki biyu, shi ne kullum da safe sai ya ɗauki fitila ya sauka. Ba ya fitowa sai rana ta karkata. Ya rame, Yaya, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, kuma tarin daga can cikin ƙirji yake fitowa. Malamin asibiti ya ce ƙurar irin ramukan nan tana cin huhu, kada ya sake shiga. Na gaya masa, sai ya ce, "Can ƙasa ne kaɗai nake samun numfashi."

Abin da ya fi damuna, ban taɓa ganin ya fito da ƙasa ko bokiti ɗaya ba. To me yake haƙa?

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Hermila

Comala, 6 ga Yuli

Yaya Ofelia,

Da fatan kuna lafiya.

Jiya Crisanto ya kasa tashi, ya yi tari har da jini. Na naɗe macen a mayafina, na kira maƙwabcinmu Don Eusebio ya riƙe mini igiya, na sauka in mayar da ita.

Babu wani ɗaki na biyu. Crisanto bai taɓa bango ba ko kaɗan. Ya share wurin tsaf, ya mai da ƙasusuwan yadda suke, ya zuba masara sabuwa a tukwanen. A gefen da ya ɗauke namijin ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ajiye hularsa da takalminsa na zuwa coci. Tsakiyar tabarmar har ta lotsa. Wata guda ke nan yana zuwa ya zauna a gurbin mutumin da ya sayar.

Na ajiye ta na fito. Kafin rana ta yi tsaka Don Eusebio da 'yan uwansa sun mai da falalen, sun jibga duwatsu a kai.

Da na gaya wa Crisanto bai yi faɗa ba. Sai dai ya ce, "Hermila, kin rufe ta ita kaɗai?"

Na ce, "Ni fa? Ni da wa aka bar ni?"

Ya juya fuskarsa wajen gona.

Don Allah ki roƙi maigidanki ya zo da motarsa ranar Asabar mu kai shi babban asibiti, ko da ɗaure shi za a yi.

Ƙanwarki,
Hermila

Comala, 15 ga Yuli

Yayata,

Na gode da zuwanku jana'izar Crisanto. Da fatan kun isa gida lafiya. Mutane sun yi yawa, ban samu na keɓe da ke ba.

An ce miki zazzaɓi ne, kuma haka ne. Amma ba a kan gado ya rasu ba. Ranar Alhamis da hantsi na je ɗebo ruwa, na dawo ban same shi ba. A kan tarin duwatsun na tarar da shi. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi ya janye manyan duwatsu goma sha ɗaya, duk faratansa sun kakkarye.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ranar da mai farin takalmi ya zo, Crisanto karnukan kawai ya yarda ya sayar. Ya ce zai mayar da ma'auratan tare, kamar yadda mahaifiyarsa ta ce. Ni na ja shi bayan ɗaki na ce, "Shekara tara ina ɗinki da hannu, ga kuɗin keken ɗinki ya zo har ƙofar gida, za ka mai da shi rami?" Ni na miƙa namijin da hannuna. Crisanto bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba, duk faɗan da ta yi masa ya shanye.

Keken da muka saya da kuɗin ya iso jiya. Yana nan a cikin akwatinsa, ban buɗe ba. Idan maigidanki zai biyo ta nan, ya ɗauke shi. Ki ba wadda kika ga dama, amma kada ki gaya mini ko wace ce.

Gobe zan je wurin Doña Petra in faɗa mata da bakina.

Ƙanwarki,
Hermila